Sawun da Ya Tuɓe Takalmi

Tun kafin hantsi ya ɗaga ihun Yahaya ya karaɗe Dogon Marke, irin ihun da ba a yi sai an ga gobara ko gawa. Mutane suka zubar da abin da ke hannunsu suka nufi gabas, inda kamfani ke share hanyar da za a shimfiɗa dogo. Aikin ya taso daga kudu wata da watanni, an ce in ya ƙare jiragen kaya za su riƙa kwasar shanu da wake da albasa daga ƙasar Kurfey har bakin teku. Kowa ya san inda zai bi, domin tun rani ma'aikata suka kafa turakun itace masu jan kai a jere: ta gonar tsoho Hamani za a shiga, a ratsa wani kufai da ke ƙarshenta, a fita yamma da Filinge.

Amma ga katafila tsaye a tsakiyar gonar Yahaya. Ta kwantar da geron da ya riga ya fidda kai, ta turbuɗe shi cikin jar ƙasa, gonar Hamani kuwa tana can gefe, ko ganye ɗaya bai karye ba.

Sahabi yana ɗaura takalmi a ƙofar gida uwarsa ta leƙo tana ɗingishi, ɗingishin da ta ce sanyin damina ne.

"Sahabi! Sahabi, kurɓi hura kahin ka tahi!"

Maƙwabciyarsu ta yi dariya ta bayan darni. "Habsatu dai ba ki da kunya. Wace uwa ka kiran sunan ɗan fari haka, kamar mai tallar goro?"

Inna Habsatu ta yi murmushin da ta saba yi wa wannan ba'a shekara da shekaru, ta koma ciki. Shi kaɗai gare ta, bayan dogon jira ta same shi, kuma shi bai taɓa damuwa da yadda take kiransa ba.

Sahabi mai bin sawu ne, a hannun marigayi ubansa ya koya. In an saci raƙumi a Sanam ko an kore tumaki a Tondikandiya, shi ake aikowa a ɗauka a kan babur. Bai taɓa bin sawun wanda ya saci hanya ba.

Ya tarar da shugaban aikin, wanda kowa ke kira Shef Abdurrazak, ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku yana leƙawa yana girgiza kai.

"Ranka ya daɗe," in ji Shef ga maigari, "turakun ba sa inda muka kafa su. An tuge su, an matsar da su kaɗan-kaɗan, har layin ya lanƙwashe kamar lauje. Direba turke yake bi, bai san komai ba."

"To wa ya ci riba?" Yahaya ya daka tsawa, hawaye da gumi sun haɗu a gemunsa. "Ku dubi gonar wa tat tsira! Ku duba mana!"

Duk idanu suka koma kan Hamani. Tsohon yana tsaye dogare da sanda, yana kallon ƙasa. Gaban Sahabi ya faɗi, domin Hamani shi ne uban Latifa, kuma bayan girbi aka sa za a ɗaura musu aure.

"Hamani, kai na?" maigari ya tambaya.

Tsohon ya ɗaga kai, ya buɗe baki, ya sake rufewa.

Shef ya share fuska da hularsa. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. "Ni ma akwai na sama da ni a Yamai. Ɓarnar aikin gwamnati ce, dole in kira jandarma. Zan iya jinkirtawa zuwa la'asar ta gobe, bayan nan ba a hannuna take ba."

Maigari ya juya. "Sahabi, ga ƙasa nan. Tambaye ta."

Ruwa ya sauka shekaranjiya, ya wanke duk abin da ya gabata, saboda haka aikin ƙarshe na mai laifin kaɗai ya rage. Sahabi ya kori jama'a baya, ya durƙusa wajen ramukan da aka tuge turakun. Ga sawun nan, a fili kamar rubutu: takalmin taya ne, babba, na namiji. Ya ji wani ɗan sanyi a ransa don ya sami abin bi, sai kuma sanyin ya gushe, domin ya tuna baduku ɗaya ne ke yanka wa rabin mazan ƙasar nan irinsa a kasuwar Filinge.

Ya bi shi. Abin da ya fara ruɗa shi takun ne. Takalmin na ƙato, takun kuwa gajere, duga-dugi na jan ƙasa, kamar mai tafiya ya gaji tun kafin ya fara. Tsoho ke nan. Ya so ƙasa ta ce masa wani abu dabam, ta ƙi.

Sawun ya bar layin turaku, ya ratsa gonar Hamani, ya nufi kufai. Nan wata tunga ce a da, 'yan gidaje kaɗan da yunwar shekarun baya ta watsa, ba abin da ya rage sai wata aduwa da ƙarangiyar da ta rufe wurin har gwiwa. A bakin ƙarangiyar sawun takalmi ya ƙare. Ya ƙare ƙaf, kamar an ɗauke mai shi sama. Taku ɗaya gaba, sai ga wani sawun: ƙafa ce tsirara, ƙarama, ba ta fito sosai ba saboda ciyawa, rabin diddige nan, alamar yatsu can. Ta shiga ciki wajen aduwa.

Sahabi ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Mutum biyu ne? Tsoho da mace? To daga ina macen ta ɓullo, tunda bai ga zuwanta ba? Goyo ya yi ta? Ya kewaya kufan, ya sake kewayawa, ƙarangiya ta cika masa ƙafar wando, bai ƙaru da komai ba sai ciwon kai.

Ya sami Manzo, direban katafila, a inuwar tayar wata babbar mota yana dafa shayi.

"An ce kun yi faɗa da Yahaya ran kasuwa."

"Faɗa? Akuyarsa ta cinye mini burodi har da ledar, na ce ya biya, ya ce akuyar ma ta yi gudawa, ni zan biya magani." Manzo ya tuntsire da dariya, sai ya ga fuskar Sahabi, ya gimtse. "Haba malam, don burodi zan kashe gonar mutum? Dubi ƙafata." Ya miƙo wani ƙaton but na kamfani. "Ni ko turken ban taɓa taɓawa ba. In na ga ja, in bi ja. Da sun kafa shi a ɗakin maigari, da yanzu yana kwana a waje."

"Ba ka ga hanya ta karkace ba?"

"Na gani mana. Na ce a raina, masu ilimi sun san abinsu. Wa zai tambayi direba?"

Yahaya kuwa, da Sahabi ya nemi ganin takalminsa, ya tuɓe ya wurgo masa. "Duba! Ni zan kashe gerona da kaina, in ci mi, turɓaya? Kowa ya san ɗiyar Hamani kake so. Ka bi sawu da idonka, yaro, kada ka bi da zuciya."

Takalmin taya ne, babba. Ya dace da sawun. Na maigari ma da zai gwada, zai dace. Sai dai Yahaya in yana tafiya kamar ana korar sa yake, bai san gajeren taku ba.

Da azahar Sahabi ya je gidan Hamani. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa kamar yadda ya kamaci mai neman ɗiyar mutum, ya yi gaisuwa idonsa a ƙasa. A ƙasan nan kuwa takalmin tsohon yake, na taya, babba.

"Baba, ku gafarce ni. Jiya da asuba ina kuke?"

"Masallaci. Daga nan gona."

"Kun ga wani wajen turaku?"

Hamani ya daɗe yana jan tasbaha. "Idon tsoho shina ganin abubuwa da yawa, ɗana. Ba duka ba ka hita ta baki."

"Baba, kaso za su kai ku. Ku ce ba ku ba ne, ko kalma guda, in san inda zan sa ƙafata."

"Ban ce ni na ba."

"To ba ku ba ne?"

"Ban ce ba ni ba na."

Sahabi ya ji kamar ya kwanta a wurin ya yi kuka. Ya saba da ɓarawo mai rantsuwa da Alƙur'ani, ya saba da mai gaskiya da ke kumfar baki. Wannan da ke zaune shiru yana miƙa wuyansa, bai san ajin da zai sa shi ba.

"Kufan nan na ƙarshen gonarku, wa ya zauna can?"

Tasbahar ta tsaya. "Mutane. Sun watse." Ya miƙe da ƙyar. "Lokacin salla ya yi."

Latifa tana sayar wa ma'aikata kopto, wato kwaɗon ganye, da dambu a bakin shantiye, inda ake aikin hanyar. Da ta hango Sahabi ta rufe roba ta taso, idanunta sun kumbura. Duk ranar da ya gan ta sai ya ji kamar an yi ruwan fari a ƙirjinsa. Yau ji ya yi kamar ya zo karɓar bashin rai.

"Mi kag gani?" ta ce, ko gaisuwa babu.

"Ban gane ba tukuna."

"Kai? Kai da ka gane raƙumin Bonkuku cikin garke guda don ƙafarshi ta hagu na karkata? Babana bai iya tuge turke, Sahabi, ko guga bai iya ja. Ka hwaɗa musu!"

Ba da niyya ba, idonsa ya sauka kan ƙafafunta. Ƙanana ne, da ragowar lalle a yatsu. Tsoho da mace. Tsohon da bai iya tuge turke, da macen da ta iya. Tsohon da ya gwammace kaso da ya buɗe baki. Wa mutum zai rufa wa asiri haka in ba ɗiyarsa ba?

Ta bi idonsa da kallo. Ta gane. Fuskarta ta canza a hankali, kamar sararin sama kafin hadari.

"Ƙafata kake aunawa?"

"Latifa..."

Ta fizge silifas ɗinta, ta taka jiƙaƙƙen yashi da ƙarfi har sau biyu, ta ja baya. "Ga shi nan. Auna. Ɗauki kara ka auna da kyau, mai bin sawu, kada ka yi kuskure. Ni da nike zaton in duniya duka ta zarge ni, kai guda za ka tsaya."

Ya duba, domin ba zai iya hana idonsa ba. Sawun ya yi kusa da wancan, bai kai shi faɗi ba, ko kuwa ya kai? Rabin diddige cikin ciyawa ba ya yanke hukunci. Ta ɗauki robarta ta juya, ta bar silifas ɗin a wurin, shi kuma ya tsaya riƙe da su kamar wawa, ma'aikata na kallonsa.

Washegari rana na fitowa ya koma kufai shi kaɗai. Hasken safe yakan kwanta a gicciye, ya cika kowane ɗan rami da inuwa, abin da tsakar rana ta ɓoye sai ya fito. Ya kwanta rub da ciki a inda sawun takalmi ya ƙare.

Sai yanzu ya ga abin da jiya ya tsallake. Sawun biyu na ƙarshe ba na tafiya ba ne. Gefe da gefe suke, a daidaice, kamar yadda ake jera takalmi a ƙofar masallaci. Ba wanda ya goyi wani. Mutum ɗaya ne. Ya zo nan, ya zare ƙananan ƙafafunsa daga cikin manyan takalma, ya shiga.

Amma wane mai hankali ne zai tuɓe takalmi don ya shiga ƙarangiya? Ko jaki kewaya ta yake. A ƙasar nan abu uku ake tuɓe wa takalmi: masallaci, da gaban manya, da wurin da aka kwantar da mamaci.

Ya bi karyayyar ciyawa har gindin aduwa. A bayanta an share wani ɗan fili da hannu, bai fi faifai biyu ba. Ga wani ɗan tudu da ruwan shekaru ya kusa shafewa, an jera masa fasassun tukunya, sun yi baƙi don tsufa. Gajere ne ƙwarai. Tsawon damtse. Ya ɗaga kai ya hango ramukan turakun farko: layin ta kan wannan tudu zai bi, ba ko karkata.

A gefen tudun ƙasa ta yi laushi, mai zuwan ya durƙusa, da zai tashi ya dafa ƙafa ɗaya da dukan nauyinsa. Sawun ya fito cikakke. Ƙaramin yatsa ya hau kan na kusa da shi, ga kuma tsagar wani tsohon tabo a tsakiyar tafin.

Wannan sawu shi ne na farko da ya fara sani a duniya. A kansa ubansa ya koya masa aikin, a tsakar gida, yana yaro: "Nemo mini inda innarka tat tahi."

Ya koma gida, ya sami Inna a bayan ɗaki, ta miƙe ƙafa, tana ƙoƙarin cire wani abu da allura, idonta bai gani. A ƙofar ɗakin ga takalman marigayi ubansa, waɗanda take sawa in za ta itace. Kullum yana wuce su, bai taɓa dubansu ba.

Ya zauna, ya karɓi allurar, ya ɗora ƙafar a cinyarsa. Tafin duk ƙaya ne, wasu sun yi ruwa. Ya shiga cirewa ɗaya bayan ɗaya, hawayensa na ɗiga a kai.

"Sanyin damina na, Inna?"

Ta so janye ƙafar, ya riƙe, ya sake tambaya.

"Wa ke kwance gindin aduwa?"

Ta ja gyale ta rufe rabin fuskarta, ta kau da kai, kamar amaryar da aka ambaci mijinta. Tsohuwa mai furfura, kunya ta kama ta har kunnuwa. A nan ne abin ya faɗo masa gaba ɗaya. Ba rashin kunya ba ne ya sa take kiran sunansa da ƙarfi. Ba shi ne na farin ba.

"Don mi ba ki hwaɗa ma masu aikin ba? Sun zauna gaban maigari, sun ce duk mai kabari ko rijiya bisa hanya shi yi magana."

"In tashi cikin maza," ta ce a hankali, "in buɗe baki in yi zancen... wancan? Da wane baki? Na ga ƙarfen na matsowa kullum. Na ce in na gusa itatuwan kaɗan, za su kewaya, kamar yadda aka kewaya rumbu. Ban san geron Yahaya za shi ci ba. Wallahi ban sani ba."

"La'asar jandarma za su tahi da Baba Hamani."

Ta runtse ido. Ba ta ce ya rufa mata asiri ba, ba ta ce ya tona ba. Ta janye ƙafarta kawai. Shi kuma ya zauna da allura a hannu, yana jin kamar an ɗaura masa igiya biyu a wuya, kowace na ja gefenta.

Bayan azahar ya roƙi maigari a tara mutane, ba a fada ba, a bakin kufai. Shef ya zo da wayarsa a hannu. Manzo ya zo, Yahaya ya zo yana huci, Hamani ya zo dogare da sanda, Latifa na bayansa, ko kallon Sahabi ba ta yi. Mata suka tsaya nesa kaɗan, Inna Habsatu a cikinsu.

"Manzo but gare shi, babu sawunshi," in ji Sahabi. "Yahaya takunshi ya yi faɗi. Na zaci tsoho na, don takun gajere na. Na zaci mutum biyu na, har na zargi wadda bai kamata in zarga ba, Allah shi gafarta mini. Mutum guda na, mai ƙaramar ƙafa cikin babban takalmi. Ba gonar Baba Hamani yaz zo ceto ba. Ga inda yat tuɓe takalmi. Ku dubi abin da ke gabanku, ku gaya mini wa ka shiga nan ba takalmi."

Aka dubi ƙarangiya. Liman ne ya fara cewa, "Inna lillahi. Kabari?"

"Na jariri. Layin ta kanshi za shi bi."

Guna-guni ya tashi. Shef ya sauke wayar daga kunnensa.

"To na ji, kabari," in ji Yahaya. "Gerona hwa? Sawun wa? Ka ce ka gane, hwaɗi suna! Ko kuwa ka ƙago kabari don ka fidda surukinka?"

Sahabi ya dubi Hamani. Tsohon ya girgiza masa kai a hankali, yana roƙonsa da ido ya yi shiru. Ya dubi Latifa, wadda ta riƙe hannun rigar ubanta kamar za a ƙwace shi yanzu. Bai dubi wajen mata ba, don ya san in ya duba ba zai iya ba.

"Sawun uwata na."

Wata mata ta ce, "Habsatu? Ai Habsatu ɗa guda gare ta."

"Biyu," in ji Hamani. Ya matso. "Ni da mijinta munka zauna tungar nan, shekarar da hatsi yaƙ ƙare. Tana yarinya, an kawo ta daga Sanam. Yaron bai kai yaye ba. Ni na gina ramin da hannuna, bayan ɗakinta, don ba mu da ƙarhin kai shi nesa. Ran nan da asuba na gan ta da turke bisa kai. Mi zan ce? In ce ku kama ta?" Ya juya ga Shef. "Shef, ni na tsufa, kaso bai rage mini komi. Da kun bar shi hakanan."

"Baba!" Latifa ta fashe da kuka.

Shef Abdurrazak ya daɗe yana kallon aduwar. Da ya yi magana, ba da muryar aiki ya yi ba.

"Inna, ki gafarce ni, dogo ba ya lanƙwasa haka. Jirgin kaya nauyi gare shi, in ya shiga kwana irin wannan kifewa zai yi da mutane. Ta nan zai bi, ba ni da iko a kan wannan." Ya sa wayar a aljihu. "Amma injina ba za su motsa ba sai liman ya ɗauke yaron ya kai shi maƙabarta, yadda addini ya ce. Zan gaya wa Yamai kabari muka tarar a kan layi, gaskiya ce kuma. Saura haƙƙin Malam Yahaya. In bai yafe ba, dole in kira."

"Gonata ta arewa," in ji Sahabi, "duk abin da tab bada bana naka na, Yahaya. Ni zan yanke, ni zan ɗaure, ni zan kai maka rumbu."

Kowa ya san da geron nan zai yi hidimar aurensa. Yahaya ya buɗe baki zai yi faɗa, ya hango tsohuwar da ta rufe fuska da gyale tana tsaye a kan ƙafafun da suka kumbura, sai faɗan ya maƙale.

"Nawa ya hi naka tsawon kai," ya ce da gunaguni, yana share hanci. "Amma na karɓa. Ka bar ma tsohuwa na hura."

Washegari da safe aka yi aikin ɗauke yaron. Kafin maza su shiga, liman ya tambayi sunan da za a yi wa addu'a. Sahabi ya je inda uwarsa ke zaune a bakin gona, ya durƙusa.

"Inna, mi sunanshi?"

Leɓunanta suka motsa. Shekara arba'in sunan na bakinta, bai taɓa fita ba, yau ma ya zo har haƙora ya tsaya. Ta girgiza kai. "Tambayi Hamani. Ni ban iyawa."

"Mansur," in ji Hamani.

Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka shiga rawa.

Sahabi ya tuɓe takalmansa, ya jera su daidai inda ta jera nata, ya shiga ƙarangiya. Ƙayar ta kama shi tun takun farko, zafin ya hau har ƙwaƙwalwa, ya yi ta tafiya yana tunanin sau nawa ta yi wannan hanya ita kaɗai. Abin da ƙasa ta rage bai cika tafi biyu ba. Aka naɗe a farin ƙyalle, ya rungume wansa a ƙirji, ya fito.

Da suka dawo daga maƙabarta katafila ta riga ta tashi, an mayar da turaku inda suke, tana tafe tana ture ƙarangiya da aduwa da sawun uwa da na ɗa gaba ɗaya. Ya tsaya yana kallo har ba abin da ya rage sai jar hanya miƙaƙƙiya.

A ƙofar gida ya tarar da Latifa zaune kusa da Inna, ta gama ɗaure mata ƙafa da tsumma. Ba ta yi masa murmushi ba. Ta nuna masa tabarma da allurar da ke hannunta.

"Zauna," ta ce. "Miƙo ƙafar. Yau ni ka aunawa."